Saƙon Hajiya a Bayan Akori-kura

A kamfaninmu na sabulun ruwa akwai wani bawan Allah da muke kira Injiniya. Ba injiniya ba ne. Ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidansa sai ya kira mai gyara. Sunan ya samo asali ne ranar da kwamfutata ta ƙi tashi, ya zo ya tsaya a kanta yana ƙwanƙwasa mata ƙeya, ana cikin haka aka dawo da wuta. Tun daga ranar ya ce shi ya gyara ta, kuma duk wanda ya kira shi da wani suna ba ya waiwayowa.

Ni ne akawun kamfanin. Teburina yana kallon nasa, saboda haka duk abin da zan faɗa da idona na gan shi, wani ma da bayana na ɗauke shi.

Mai kamfanin, Hajiya, yayar matarsa ce, kuma iyakar takardun shaidarsa ke nan. An gwada shi a sito, ya jera jarkoki har rufi ya toshe ƙofa yana ciki, sai ta taga aka zaro shi. An gwada shi a sashen talla, ya buga ƙaton allo mai ɗauke da hotonsa ya manta sunan sabulun. Kowane karo matarsa ke zuwa ta durƙusa gaban yayarta. A na ƙarshe Hajiya ta ce ta ba shi kula da kwamfutoci, amma in ya sake ɓarna ya nemi wani wurin. Matar kuma ta ce masa gwiwoyinta sun gaji, ba ta da sauran roƙo. Shi da bakinsa ya ba mu labari, yana dariya kamar yabonsa aka yi.

Ana nan sai ya je wani taro da aka yi kan tsaron kwamfuta. Ya tafi da hula, ya dawo da baƙin tabarau da kati rataye a wuya. Washegari ya tara mu.

"Jama'a, wallahi a buɗe muke," in ji shi. "Tsirara muke! Kun san Mai Kumfa yana iya zama a ofishinsa ya karanta duk abin da muke rubutawa?"

Mai Kumfa shi ne babban abokin hamayyarmu. Masana'antarsa tana layi ɗaya da tamu, a can ɗaya gefen gari, kuma ya daɗe yana shinshinar yadda muke haɗa sabulunmu.

Anti Sakatariya, wadda ta girme mu duka a ofishin, ta ce, "Mutumin da ko saƙon waya sai an karanta masa?"

"Anti, irinsu su ne masu haɗari."

Daga nan ya zayyana shirinsa. Duk imel ɗin da zai fita daga kowace kwamfuta a kamfanin sai an kulle shi da kulle mafi tsauri: wanda aka aika wa shi kaɗai zai buɗe, ba ya iya tura wa wani, ba ya iya bugawa a takarda, ba ya iya kwafa. Duk wani saƙon sirri kuma ta hannunsa zai bi. Sannan ya jawo wani akwatin ƙarfe da ƙaton kwaɗo, ya ce kullum da safe kowa zai jefa wayarsa a ciki, don waya tana da ido.

Hajiya ta dube shi ta ce, "Ka tabbata ka san abin da kake yi?"

"Haba Yaya!"

"A ofis Hajiya nake."

"Haba Hajiya. Ni fa ko masu shirya taron sai da suka ce in rage tambaya."

Haka muka shiga rayuwar kulle. In sukarin shayi ya ƙare, kullallen saƙo ne zai zo. In za a feshe ofis da maganin sauro, kullallen saƙo. Akwai ranar da Anti ta aiko min da "ina kwana" sai da na sa lambar sirri kafin na gani, alhali tana zaune kusa da ni har ina jin ƙamshin turarenta. Shi kuwa Injiniya sai yawo yake tsakanin tebura, hannu a baya, yana cewa, "Ko ƙuda bai isa ya fita da labari daga nan ba."

Ranar da abin ya faru, tafiya ta kama Hajiya. Ta daɗe tana aikin wani sabon haɗin sabulu mai ƙamshi, wanda ta ce shi zai kwantar da Mai Kumfa, kuma a ranar ne za a fara dafa shi. Daga filin jirgi ta aiko wa Injiniya da haɗin a kullallen saƙo, tunda shi ne ƙofa, ta kuma kira wayar tebur ta ce, "Ka tura wa Mai Haɗi a masana'anta yanzun nan, yana jira. Ga shi za mu tashi, zan kashe waya."

"An gama, Yaya. Ki ɗauka ya isa."

Ya ajiye waya, ya gyara zama, ya murza yatsu. Ya ce, "Malam Akawu, matso ka ga aiki."

Na matso. Ya kai linzamin kwamfuta kan madannin turawa. Madannin ya dushe, ya yi toka-toka kamar tsohuwar riga. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi, shiru. Ya miƙe tsaye ya danna da hannu biyu.

"Linzamin nan ya tsufa," in ji shi. Ya fizge nawa ya jona. Shiru. Ya karɓi na Anti.

Anti ta ce, "Injiniya, ba kai ka ce kullallen saƙo ba ya turuwa ba?"

"Ga irinku ba ya turuwa. Ni na kulle shi, ai ya san ni."

"To ka gaishe shi mana, ko bai gane ka ba ne saboda tabarau."

Ya cire tabarau. Wallahi ya cire. Madannin bai gane shi ba.

Wayar tebur ta yi ƙara. Mai Haɗi ne, shugaban masana'anta, dattijo mai gajeren haƙuri. Muryarsa har inda nake: "Ina saƙon? Na hura wuta, tukwane sun ɗau zafi, ma'aikata sun zuba min ido."

"Yana hanya, Baba. Saƙo ne mai nauyi, a hankali yake tafiya."

Ya gwada kwafa, abin ya ƙi. Ya ce a buga a takarda, firinta ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya ce ai dama ya daɗe yana zarginta. Ya buɗe cikinta ya zura hannu har gwiwa, ya jawo wani abu da bai kamata a jawo ba. Baƙin garin tawada ya tashi ya sauka a kan farar rigarsa, da gemunsa, da katin wuyansa.

Anti ta ce, "Ka ɗauki hoton allon da waya kawai."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan kika riga ni."

Ya nufi akwatin ƙarfe yana laluben aljihu. Ya laluba na dama, ya laluba na hagu, ya cire hula ya leƙa. Sai ya tsaya cak.

Na ce, "Ina makullin?"

"Yana wuri mafi tsaro."

"Ina ne?"

"A cikin jakar wayata."

"Wayar tana ina?"

Ya nuna akwatin da haɓa. Anti ta zauna a hankali ta dafe kai. Wayata tana ciki, tata tana ciki, ta mai shara ma tana ciki.

Na ce, "To kawo biro in kwafa da hannu, a kai masa."

"Biro? A wannan zamanin? Malam Akawu, takarda ita ce babbar maƙiyiyar sirri. Iska ma tana iya ɗauke ta."

"To ka karanta masa ta waya."

"Mai Kumfa yana kan layi yana saurare."

"To Mai Haɗi ya zo nan ya karanta da idonsa."

Aka kira Mai Haɗi. Ya ce in ya bar tukwanen nan suka ƙone, da wuyan wa za a rataya? Injiniya ya karɓe wayar ya ce dama ba a ce ya zo ba. Ya juyo gare ni: "Cewa aka yi in tura. Ba a ce in gayyato ba."

"To mu jira Hajiya ta sauka ta aika masa da kanta."

Nan ne fuskarsa ta canza. Ya rage murya ya ce, "In ta sauka ta ji ban tura ba, ai ka san sauran. Da wane ido zan kalli maman yara?" Na ji tausayinsa ya kama ni, kuma wannan tausayin ne ya jawo min duk wahalar da ta biyo baya.

Ya yi ta zagaye teburinsa yana cizon yatsa. Can sai ya tafa hannu.

"Na gano! Saƙon yana ina?"

"A cikin kwamfuta."

"To in saƙo ya ƙi tafiya, kwamfuta za ta tafi. A nemo mota!"

Direban ofis bai dawo daga filin jirgi ba, don haka maigadi ya tare mana wata tsohuwar akori-kura da ta sauke yashi. Injiniya ya zare wayoyin kwamfutar ya naɗe a wuya. Ya ciro labulen ofishin Hajiya ya lulluɓe kwamfutar da allonta. Ya ce akwatin wayoyi ma sai an tafi da shi, ba zai bar shi ba tsaro ba, kuma akwai mai walda kusa da masana'anta. Jin haka Anti ta ɗauki jakarta ta ce inda wayarta ta sa ƙafa nan za ta sa tata. Ni kuma aka ɗora min akwatin a baya har bakin titi.

Kafin mu tashi ya samo kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe: SIRRI NE, KADA KOWA YA KALLA. Ya kafa a saman kayan.

Na ce, "Injiniya, wannan ai kiran mutane ne."

"Gargaɗi ne. Mutane suna girmama gargaɗi."

Anti ta shiga gaba. Ni da shi muka hau baya, ya rungume kwamfutar kamar mai jinya, ya mayar da baƙin tabarau a kan fuskar da ta sha baƙin gari. Ba mu kai ƙarshen layinmu ba masu babura suka fara bin mu.

"Malam, mene ne a ciki?"

"Ba ka iya karatu ba ne? Sirri ne!"

"Zinariya ce?"

"Ta fi zinariya!"

Na ce a raina yau mun shiga uku. Wani ya ce gawar wani babba ce ake ɓoyewa. Wata mai sayar da lemo ta ce aljani ne aka kama, ga mai kamun nan duk ya ƙone. A cunkoson kasuwa motar ta koma tafiyar ƙafa, masu bin mu suka ninka. Ana cikin haka wayar Anti ta fara kuka a cikin akwatin ƙarfe, tawa ta amsa, ta mai shara ta shiga da waƙa. Akwatin ya dinga gurnani yana rawa a kan ƙarfen mota. Mutane suka ja da baya da gudu, sannan suka dawo sun fi da yawa.

A mahadar titi ɗan sanda ya ɗaga hannu.

"Me kuka ɗauko?"

Injiniya ya ce, "Ba zan iya faɗa ba, yallaɓai."

"Me ke ƙara a akwatin can?"

"Shi ma ba zan iya faɗa ba."

"Buɗe."

"Ba makulli."

"Ina makullin?"

"Yana ciki."

Ɗan sandan ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce a sauke komai ƙasa. Aka sauke. Injiniya ya kwantar da allon kwamfutar a gefen titi, ya rufe shi da labule don kada idon jama'a ya taɓa shi, sannan ya shiga yi wa ɗan sanda lacca. Ya yi bayanin masu kutse, ya yi bayanin kulle, yana yi yana ja da baya yana zana abubuwa a iska.

"Ka gane, yallaɓai, a harkar tsaro kuskure ɗaya tak ya isa ya..."

Ƙaras!

Kowa ya kalli ƙafarsa. Tana tsakiyar labulen. Ya ɗaga ta a hankali, muka ji gilashi yana zubowa.

Anti ta leƙo ta taga ta ce, "Saƙon ne ya fashe?"

"Allo ne kawai, Anti. Allo ba komai ba ne. Dama na so in rage mana kaya."

Dariya ta ci ƙarfin ɗan sandan har ya riƙe ciki. Ya leƙa ya ga kwamfuta ce, ya kara kunne a akwati ya ji waƙar mai shara, ya ce mu tafi, Allah ya ba mu lafiya. Amma shi ma sai ya hau babur ɗinsa ya biyo mu, wai yana so ya ga ƙarshen abin.

Muka iso masana'anta da ayari kamar masu rakiyar ɗan takara. Mai Haɗi ya fito da gumi, safar hannu har gwiwa. Ya kalli motar, ya kalli taron, ya kalli Injiniya.

"Wannan fa?"

"Saƙonka ne, Baba. Na kawo maka shi har gida, da hannuna. Wannan shi ake kira turawa ta musamman."

"To buɗe in gani."

"Kana da allon kwamfuta?"

"Ni da nake dafa sabulu? Ludayi nake da shi."

Tsallaken titi, daura da ƙofar masana'anta, akwai shagon sayar da talabijin. Gabansa duk gilashi ne, an jera talabijin tun daga ƙasa har sama suna kallon titi, duka suna nuna ƙwallo iri ɗaya. Injiniya ya hango shi, idonsa ya yi haske. Muka kwashi kaya muka tsallaka, taro ya tsallaka tare da mu. Mai Haɗi ya leƙa tukwanensa ya rage wuta, ya biyo mu yana mita.

Mai shagon ya ce kayansa na sayarwa ne, ba sa fita ko nan da ƙofa, amma in a ciki ne a jona, ba komai. Injiniya ya zaɓi wata 'yar ƙaramar talabijin a can ƙuryar shago, mai kallon bango. Ya ce ni da Anti mu riƙe labule mu zagaye shi, kada ko inuwa ta leƙo. Ya durƙusa bayan kanta inda wayoyi suka cakuɗe, ya zare wata ya riƙe.

Mai shago ya ce, "A'a, Malam, wannan wayar ita ce take..."

"Na sani."

"Ai ita ce ke raba..."

"Bawan Allah, ka san da wa kake magana? Tambayi waɗannan. Kai dai ba ni intanet ɗinka ka koma bakin ƙofa ka tsare min mutane."

Mai shago ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Injiniya ya jona, ya kunna. 'Yar talabijin ta kawo haske. Ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya don kowa ya shaida. Ya sa lambar sirrinsa, wadda ya karanto daga wata takarda da ya manna a ƙarƙashin kwamfutar. Sai rubutu ya fito cewa an ga yana shiga daga baƙon wuri, an aika wata lamba zuwa wayarsa.

Dukanmu muka juya muka kalli akwatin ƙarfe.

Aka kira mai walda. Ya zo da injinsa ya dafa kwaɗon, tartsatsi yana tashi, Anti tana salati tana cewa a yi a hankali, hotunan jikokinta suna ciki. Kwaɗo ya faɗi. Injiniya ya zaro wayarsa da zafinta, yana jefa ta daga hannu zuwa hannu, ya kwafi lambar. Saƙon Hajiya ya buɗe.

"Alhamdu lillahi!" in ji shi. "Baba, shigo cikin labule. Malam Akawu, ɗaga hannunka sama, akwai kafa. Jama'a, ku shaida, babu kullen da ya gagare ni."

Mai Haɗi ya sunkuya ya ƙanƙance ido. "Na bar tabarauna a wurin tukwane. Ƙara masa girma."

Ya ƙara.

"Ƙara dai."

Ya ƙara har kowane harafi ya kai girman babban yatsa. Mai Haɗi ya ciro guntun fensir daga bayan kunne ya fara kwafa a bayan kwalin nan na gargaɗi. Injiniya ya buɗe baki zai yi maganar takarda, dattijon ya harare shi, ya rufe.

A lokacin ne na lura hayaniyar waje ta mutu. Taron da ya cika titi da surutu ya yi tsit, ko tari babu. Na ce a raina to, wataƙila mutane sun fara girmama gargaɗi. Hannuwana sun gaji da labule, ba na ganin komai sai ƙeyar Injiniya.

Can sai wata murya daga titi ta ce, "Malam, ɗan ja ƙasa! Mun gama wannan shafin!"

Injiniya ya ja ƙasa.

Wallahi ya ja. Har ya ce, "Ya yi haka?" Aka amsa daga waje baki ɗaya, "Ya yi!" Sai a nan hannunsa ya sandare a kan linzami. Ya juyo ya dube ni. Na saki labulen.

Duk talabijin ɗin da ke shagon, manya da ƙanana, daga ƙasa har rufi, sun bar ƙwallo. Kowace tana nuna haɗin sabulun Hajiya, ɓaro-ɓaro, da ma'auni da komai. A waje kuwa mutane sun yi sahu, kowa ya ɗaga waya. Mai lemo tana karanta wa maƙwabciyarta. Ɗan sanda yana gyara layi, yana cewa na gaba su durƙusa don na baya su samu. A sahun farko, da kujerarsa da wani ya kawo masa, ga Mai Kumfa zaune, direbansa yana karanta masa yana gyaɗa kai.

Mai shago ya ce, "Na so in gaya maka. Ita ce ke raba hoto ga dukansu."

Injiniya ya yi tsalle ya fizge waya. 'Yar ƙaramar talabijin ɗinmu ce kaɗai ta mutu. Ya fizge wata, fankar shago ta tsaya. Ya wawuri rimot ya danna, rubutun ya ƙara haske. Ya kwashi labule ya ruga waje ya rufe talabijin ɗaya, sauran suna ta aikinsu. Daga ƙarshe ya tsaya gaban babbar cikinsu ya ware hannuwa da ƙafafu yana ihu, "Sirri ne! Ku rufe idonku! Doka ta hana!"

Wani ya ce, "Matsa hagu kaɗan, ka tare ma'aunin turare!"

Ni na lallaɓa na zare wayar wutar kwamfutar daga bango. Allunan suka yi baƙi. Taro ya yi "Aaa!" kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa.

Mai Kumfa ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya zo ya kama hannun Injiniya da hannu biyu. "Allah ya ƙara basira, Injiniya. Shekara da shekaru ina nema. Ashe ɓawon lemo ne! In ka gaji da wurin Hajiya..." Ya ɗan yi tunani. "A'a, ka zauna a can. Ka fi min amfani a can."

Mai Haɗi ya fito da kwalinsa, bai kai rabi ba. Injiniya ya ce, "Baba, bari in sake kunnawa ka ƙarasa."

"Bar shi. Matata ta turo min a waya, ya ma fi fitowa."

Wayar Anti ta yi ƙara, ƙungiyar matan unguwarsu ce ta turo. Tawa ta yi ƙara, surukina ne, wai ko na ga wannan. A kowane hoto ga haɗin, ga Injiniya a gabansa ya ware hannuwa, baƙi ƙirin, kamar shi ne tambarin kamfani.

Sai tasa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗaga.

"Yaya, kin sauka lafiya?"

Ba mu ji abin da ta ce ba, amma mun ga yana nesanta wayar daga kunne.

"E, Hajiya... Ya isa, Hajiya. Wallahi ya samu... E, su ma sun samu... A'a, ai ta fuskar turawa babu wanda ya taɓa yin..." Ya dubi wayar. "Layin ya yanke."

Kafin mako ya zagayo, duk garin ƙamshi ɗaya yake. Kowane lungu akwai mai dafa sabulun Hajiya a bayan gida. Mai Kumfa ya fito da nasa a sabuwar kwalba. Har mai shara ta kawo mana nata ofis, wai mu gwada, ta ɗan ƙara turare.

Hajiya ta dawo. Ta wuce shi a bakin ƙofa yana "Sannu da hanya, Yaya," ta shige ofishinta marar labule ta rufe. Jim kaɗan kwamfutarsa, wadda aka sa wa aron allo, ta yi ƙara. Kullallen saƙo ne. Ya sa lamba ya buɗe, ya karanta, ya cire tabarau ya sake karantawa. Sallama ce, gajeriya, an ce ya miƙa katin wuya ga maigadi.

Anti ta tura masa kofin shayinta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don duk shirmensa mutum ne mai daɗin zama, kuma ban san wanda zan riƙa kallo ba in aiki ya ishe ni.

Ya kira matarsa, ya sa a lasifika.

"Maman yara, Yaya ta ɗan rubuto min wata 'yar takarda."

"Na ga hotonka," in ji ta. "Har a makarantar yara an gani. Na ce maka gwiwoyina sun gaji."

"Na sani. Amma ko sau ɗaya, don Allah."

Can ta sauke numfashi ta ce, "Ban yi alkawari ba. Turo min abin da ta rubuta in gani da idona, in san ko akwai ta inda zan kama."

"Yanzun nan!"

Fuskarsa ta washe. Ya gyara zama, ya murza yatsu, ya kai linzami kan madannin turawa. Madannin ya yi toka-toka.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kalli kwamfutar, ya kalli ƙofa, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fara zare wayoyi.

"Malam Akawu," in ji shi daga can ƙasa, "kana da lambar mai akori-kurar nan?"